Akwarel, Guwash ko Akirilik: Wanne Ya Dace da Mai Son Zana Dajin Damagaram?

Ɗiyar ƙanwata ce ta zo mini da tambayar, wata Alhamis da yamma bayan ta dawo daga wajen Kasuwar Dole. Ta daɗe tana zane da fensir a bayan littattafanta na lakol, yanzu ta tara ƴan kuɗinta tana son ta shiga launi. Ta ce: "Kawu, iri uku na gani a kantin littattafai, kuma mai kantin ya ce duka da ruwa ake dama su. An rubuta akwarel a jikin ɗaya, guwash a ɗaya, akirilik a ɗaya. Wanne zan ɗauka?" Na tambaye ta me take son zanawa. Ta ce ita ba mutane ba, ba motoci ba. Tabki da sassafe, gawo a tsakiyar gona, duwatsun bayan Birni in rana ta yi sanyi. Wuraren da in ka zauna ba ka jin komai sai kukan kurciya.

Gaskiyar mai kanti ce, duka ukun da ruwa ake dama su. Amma daga nan suka raba hanya. Kuma yawancin shawarar da za ka samu a littattafai da intanet, mutanen da ke zaune cikin iska mai laima ne suka rubuta ta. Mu kuwa a Zinder muke, inda ruwan shekara gaba ɗaya bai wuce milimita 400 ko kusa da haka ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Abin da ya yi wa mai zane a Landan daidai, mu nan yana iya ba mu kunya.

Akwarel ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da sunan baƙo ne. Garin launi ne aka niƙa lilis aka haɗa da ƙaro, wannan ƙaron dai da ake tsinka a jikin ɗakwara a dajin Gure da ƙasar Manga. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ga malam na dama tawada da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, ya ga ana wanke allo rubutun ya fita. Akwarel ƙanin wannan tawadar ne. Masu yin sa suna ƙara gilisarin ko zuma don kada ya bushe ya zama dutse, wani lokaci da ɗan ruwan matsarmamar bijimi don ya riƙa bazuwa a kan takarda. Ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Haske yana ratsa shi, ya daki farar takarda, ya dawo idonka. Shi ya sa zanen akwarel mai kyau yake kamar an kunna fitila a bayansa.

Guwash ma da ƙaro ake haɗa shi, uwarsu ɗaya. Sai dai an cika masa garin launi, sau da yawa kuma an ƙara masa alli, ya yi kauri yana rufe abin da ya hau. Akirilik dabam yake tun daga tushe: abin da ke riƙe launinsa roba ce da aka watsa cikin ruwa, in ruwan ya tashi sai robar ta haɗe ta zama fata. Shi ne autansu, don sai tsakiyar shekarun 1950 irin wanda ake damawa da ruwa ya shiga kasuwa a Amurka. Akwarel da guwash ko bayan shekara ka ɗiga musu ruwa za su farka. Akirilik in ya bushe ya bushe ke nan, ko ruwan tulu ka juye masa.

To, wanne ya fi iya ɗaukar hoton ƙasarmu?

Ka fita bayan gari wata safiya a watan Janairu ka kalli sama da gaske. Ba shuɗiya ba ce. Hazo ya mayar da ita launin ƙosasshen kunu, ta yi fari-fari can sama, ta ɗan yi ja-ja kusa da ƙasa, kuma babu wani layi da za ka nuna ka ce nan sama ta ƙare ƙasa ta fara. Gorubar da ke kusa da kai baƙa ce wuluk, ta biyu ta yi toka-toka, ta ukun kamar inuwarta kawai ta rage. A nan akwarel ba shi da na biyu. Ka jiƙa takarda da ruwa zalla, ka sa rawaya irin ta ƙasa tsararo, ka ɗiga shuɗi kaɗan daga sama, su da kansu za su nemi juna su narke. Ka taɓa bakin buroshi da toka-toka a inda itatuwan nesa suke tun takardar na da danshi, gefensu zai baje kamar yadda hazo ke cinye su. Abin da za ka yi rabin awa kana murzawa da akirilik bai yi ba, ruwa zai yi maka shi kyauta. Haka tabki. Na zauna bakin ruwan Gidimuni, can kan hanyar Gure, lokacin da iska ba ta tashi ba, dabino da goruba sun kifa kansu cikin ruwa, bado na kwance. Ruwa mai kwanciya irin wannan da shafa biyu ko uku ake kama shi, a bar siririn layin farar takarda inda haske ya kwanta. In ka ƙara ta huɗu ka kashe shi.

Wannan barin farar takarda shi ne zuciyar akwarel, shi ne kuma wahalarsa. Ba a shafa fari. Farinka shi ne takardar, kuma tun kafin ka fara sai ka san inda ba za ka taɓa ba. Daga haske ake tafiya zuwa duhu, ba a dawowa. Kuma in ya bushe yana ƙara haske, ta yadda inuwar da ka ga ta yi ƙarfi tana jiƙe za ka tarar ta koɗe. Kuskure ana iya ɗaga shi kaɗan da jiƙaƙƙen buroshi da tsumma, amma wasu launukan suna rina takarda kamar baba a marina, ba sa fita.

Sai babbar matsalar, wadda littattafan waje ba su san da ita ba. Lokacin da hazo ya fi kyau, lokacin ne iska ta fi bushewa. A Fabrairu da Maris laimar iska a nan tana yin ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a Ingila, inda aka raini wannan sana'a har ta girma a hannun irin su mai zane Turner da ya rayu daga 1775 zuwa 1851, ta saba wuce kashi 70. Ka shafa sama daga hagu, kafin ka dawo da buroshi bakin shafar farko ya bushe, sai saman ta fito layi-layi kamar tabarma. Ka ce bari ka gyara da ƙarin ruwa, sai ruwan ya ture launin ya bar shaci mai baki-baki kamar ganyen kabeji. Yara da yawa a nan suke karaya, su ɗauka hannunsu ne ba shi da kyau, alhali iska ce. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, abin ya fi muni.

Akwai dabara, kuma ba ta da tsada. Ta farko ita ce lokaci: ka fita bayan sallar asuba, ka yi aikin jiƙa kafin hantsi, ka bar ƙananan bayanai su biyo baya. Ka zauna a inuwa, ka ba iska baya. Ka rage girman takarda, rabin shafin littafi ya ishe ka a rani. Ka dama launin sama da yawa a murfin kwano tun kafin ka taɓa takarda, don ba ka da lokacin damawa a tsakiya. Ka yi amfani da babban buroshi mai shan ruwa, ka ɗan jingine allon don ruwan ya riƙa taruwa a bakin shafa yana jiran ta gaba. Wadda ta fi duka amfani a wurina ita ce jiƙa takardar gaba da baya, a manna ta a kan faranti na roba ko gilashi wanda ba ya shan ruwa. Danshin bayan yana ciyar da gaban, sai ka sami ƴan mintocin da kake nema. Ɗigon gilisarin ɗaya, irin wanda mata ke shafawa lokacin ɗari, a cikin kofin ruwa yana jinkirta bushewa, amma ɗaya na ce, in ya yi yawa zanen zai kwana yana danƙo yana kama ƙura. Maganar ruwa kuma: in rijiyarku mai kanwa ce, ka sayi ledar ruwan sha ka yi aiki da ita. Wasu launukan ba sa shiri da kanwa, musamman shuɗin Prusse da ke koɗewa in ya haɗu da ita.

Da damina duk wannan kukan ya ƙare. A watan Agusta akwarel yana yin ladabi kamar yadda aka faɗa a littafi. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, hatsi ya yi kore shar a ƙarƙashinsa, takardarka tana jiranka har ka gama tunani. Wanda zai fara koyo, in da hali, ya fara a damina.

Guwash halinsa dabam. Shi ba ruwansa da barin fari. Kana iya fara da duhu ka ɗora haske a kai, ka yi kuskure ka bari ya bushe ka rufe. Saurin bushewar da ke cutar akwarel shi taimakonsa take yi, don ba ka jira kafin ka ɗora shafa ta biyu. Kuma akwai wuraren da ya fi akwarel faɗin gaskiya a kansu. Ka shiga lungunan Birni ko Zongo da hantsi ka dubi tsofaffin gidajen ƙasa masu zanko da zanen bango. Babu hazo a nan, babu narkewa. Jan bango ne a shimfiɗe, inuwa ta yanke shi kamar da wuƙa, ga dagi an shafa masa shuɗi da kore da rawaya. Guwash yana bushewa ba sheƙi, da ɗan gari-gari a fuskarsa, kamar shafen ƙasa sak. Haka manyan duwatsun nan da suka ɗare kan juna a cikin gari da kewayensa: nauyinsu yana son fenti mai jiki. Haka kuma duk wani abu mai haske da ya ratsa duhu. Gawo shi ne misalin da na fi so. Itace ne mai saɓa wa jama'a, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa manoman Mirya da Matamai da Magarya suke barin sa a gona, ba ya yi wa hatsi inuwa. To a watan Agusta ga shi tsirara, rassansa fari-fari, bayansa hadari. Da akwarel sai ka kewaye kowane siririn reshe kana shafa hadarin a tsakaninsu, aikin da iskar rani ba za ta taɓa bari ba, ta damina ma da ƙyar. Da guwash kuwa ka shafa hadarinka gaba ɗaya, ka sha ruwa, ka ɗauki siririn buroshi ka ja rassan a kai.

Wani alherin guwash shi ne ba ya zaɓen takarda. Takardar Canson ta ƴan lakol, mai nauyin giram 180 ko 224, ta ishe shi. Kwali ma yana hawa, har takarda mai launin ƙasa, wadda ke ba ka rabin launin Damagaram tun ba ka fara ba. Kuma shi ne aka fi samu a kantunan kayan makaranta.

Amma yana da nasa aibun, kuma ba zan ɓoye ba. Launinsa yana sauyawa in ya bushe, masu duhu su yi haske, masu haske su ɗan yi duhu, don haka dama irin launin jiya yau sai an sha wuya. In ka labta shi da kauri yana tsagewa, musamman a iskar hunturu. Ɗigon zufa ɗaya daga goshinka zai bar tabo a kan aikin da ka gama. In ka matsa buroshi a shafa ta biyu, ta ƙasan za ta farka su cakuɗe su zama taɓo. Abin da ya fi damuna da shi kuwa shi ne sama. Saman guwash a hannun sabon shiga tana fitowa kamar bangon da aka yi wa fenti, ba ka ganin nisa a cikinta. Ƙasarmu kuwa rabinta sama ce. Ka tsaya a hanyar Tanut ka duba, ƙasa ɗan siririn zare ce a ƙasan ido, sauran duk sarari. Guwash na ƴan makaranta kuma alli ya fi launi yawa a cikinsa, ja da shuɗi in ka haɗa sai su ba ka toka.

Akirilik ba zan daɗe a kansa ba, domin ga wannan aikin shi ne na uku. Ba wai ba shi da amfani ba. In za ka yi zane a bangon makaranta, ko allon shago, ko babban yadi da za a rataya a zaure ba gilashi, ba wanda ya kai shi. Ba ya tsoron ruwa, ana goge masa ƙura da tsumma, yana hawa katako da siminti. Amma ka fita da shi daji a watan Maris ka gani. Yana yin fata a kan faranti kafin ka gama dama launi na biyu, abin da ya bushe kuma asara ce, ba ya tashi. Ƙurar da iska ta kawo tana shiga cikinsa ta zauna har abada. Buroshin da ka manta ka ajiye minti goma ya zama tsinke. Yana cin ruwan wanki da yawa, a garin da kowa ya san darajar jarka ɗaya ta ruwa. Mai akwarel gora ɗaya ta ishe shi wuni, akwatinsa da littafinsa kuma suna shiga aljihun riga, ya hau kabu-kabu ba wanda ya san da kaya a jikinsa.

Yanzu ga maganar da na fi daɗewa ina yi wa ɗiyar tawa, domin a nan mutane suke zubar da kuɗi. In ka zaɓi akwarel, ba fenti ne babban sayayyarka ba, takarda ce. Fenti mai tsada a kan muguwar takarda aikin banza ne. Fenti matsakaici a kan takarda mai kyau kuwa yana yin abin mamaki. Takardar akwarel iri biyu ce. Akwai ta auduga zalla, irin Arches ta Faransa, wadda masana'antarta ke aiki tun 1492, da wasu daga cikin na Fabriano ta Italiya. Akwai kuma ta ɓawon itace, irin Montval ta kamfanin Canson, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba. A ƙasar laima bambancinsu ƙawa ne. A nan kuwa shi ne bambancin yiwuwa da rashin yiwuwa. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi a cikinta ta sake shi a hankali, kuma tana bushewa bai ɗaya. Ta itace ruwan yana zama a samanta, iska ta kwashe shi nan da nan, wani gefe ya bushe wani na jiƙe, shacin nan na kabeji ya fito. Ita ma tana da nata kirkin: launi yana ɗaguwa a kanta da sauƙi, don haka gyara ba ya wuya, kuma ba ka jin ciwon ɓata shafi. Shawarata, ka sayi ta itace don atisaye na kullum, ka sayi babban falle ɗaya ko biyu na auduga ka yanka shi gida takwas, ka ajiye don ranar da za ka zana sama da ruwa.

Ka duba nauyi a jikin bango. Giram 300 a kowace murabba'in mita shi ne abin nema. Ƙasa da haka takardar za ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin. Fuskarta kuma iri uku ce: mai sulɓi, mai matsakaicin kaushi, da mai kaushi sosai. Mai sulɓi ta fi saurin bushewa, ka bar ta ga masu zanen furanni a ɗaki. Matsakaiciya ita ce ta kowa. Mai kaushi sosai tana da wata baiwa da ta dace da mu: ka ja buroshi mai ƙarancin ruwa a kanta da sauri, launi ya hau tudun ya tsallake ramukan, sai ga rairayi, ga ƙyallin rana a kan tabki, ga busasshiyar ciyawar kaka, duka da shafa ɗaya. Irin wannan takarda ba kullum ake samun ta a garin nan ba. Yawanci sai an yi saƙo wurin mai zuwa Yamai ko Kano, ko ɗan'uwa da ke karatu a waje. In an kawo, ka sa ta a leda ka ɗaga ta daga ƙasa, saboda gara.

Fentin kansa yana zuwa ko dai a dunƙule cikin ƴan gurabu a akwati, ko a matse cikin bututu. Na akwatin ya fi tsufa: ƴan gidan Reeves a Landan ne suka fara sayar da shi a dunƙule wajen 1780, kamfanin Winsor & Newton da aka kafa a 1832 ya ƙara masa gilisarin don ya riƙa narkewa da wuri, bututun ƙarfe kuma sai 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro shi. Ga mai fita daji a nan na akwatin ya fi. Ba ya zuba, ba ya lalacewa, ka fesa masa ruwa minti biyu kafin ka fara ya farka. Bututu in zafi ya dake shi a cikin jaka, kana buɗewa zai yi tsartuwa ya zubar da rabi, in kuma murfin bai rufu da kyau ba ya daskare. Hanyar tsakiya ita ce ka sayi bututu ka matsa a cikin gurabun akwati ka bari ya bushe, ya fi arha a kan lokaci. Masu zuma a ciki, irin na kamfanin Sennelier, suna narkewa da taɓawa ɗaya, abin so ne a rani, amma da damina suna yin laushi har su malale in akwatin ya karkace, kuma ƙuda da kyankyaso suna son su. Na ɗalibai daga kamfanin kirki, irin Cotman na kamfanin Winsor & Newton, ya ishi mai koyo shekaru. Abin da zan hana ka shi ne farantin nan na yara mai launi 24 ko 36 jere kamar alawa. Araha ba ta ado. Alli ne da rini, yana bushewa fari-fari, wata biyu a ɗaki mai taga ya koɗe.

Launi shida sun isa. Rawayar ƙasa da ake kira okar, jan ƙasa da ake kira siyen ƙonanniya, shuɗin ultramarin, wani shuɗin mai haske irin kobal ko serulean, rawaya mai haske, da ja mai sanyi irin kinakiridon. Okar da siyen su ne Damagaram: rairayi, bango, kara, dutse. Siyen da ultramarin in sun haɗu suna ba da kowace irin toka, daga inuwar dutse har cikin hadari, kuma suna rabuwa ƙwaya-ƙwaya a kan takarda mai kaushi kamar fuskar dutsen kanta. Kore kada ka saya, ka dama. Koren kwalba ya yi tsawa da yawa, ganyen aduwa da sabara da gawo duk ƙura ta ci su, sai ka sa musu okar kafin su yi kama da namu. Ka duba alamar jure haske a jikin fentin, don ranarmu ba ta da tausayi, kuma tsohon jan nan alizarin an san shi da koɗewa. Kada ka lashi bakin buroshi don ya yi tsini, wasu launukan, irin masu kadmiyom, guba ne. Buroshi biyu na roba mai kyau, babba ɗaya da zagayayye mai lamba 8, sun wadatar, ba sai na gashin dabba mai tsada ba. Sannan ka ƙara bututu ɗaya na farin guwash. Da shi za ka ja rassan gawon nan a kan hadari, ka kuma ceto hasken da ka manta ka bari. Manyan masu akwarel sun yi haka, Turner ma ya haɗa su biyun a kan shuɗiyar takarda lokacin da ya zana kogunan Faransa.

Ajiya ma tana cikin lissafi. Akwarel da guwash duka suna son gilashi in za a rataya su, da ɗan kwali tsakanin zanen da gilashin, a bangon da rana ba ta duka. Wanda ba shi da kuɗin firam ya bar su cikin littafi ko jakar kwali, a nan suka fi daɗewa ma. Akirilik ne kaɗai ke zama a fili.

Mahaifiyar yarinyar ta tambaye ni a gefe ko wannan abu ba shi da laifi a addini. Na tuna mata abin da ya zo a Buhari da Muslim, cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Ibn Abbas, ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Abin da yarinyar ke so ke nan tun farko. Hankalinta ya kwanta.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? In abin da ke tsayar da kai a hanya shi ne sama, hazo, tabki da nisa, kuma kana da haƙurin ɓata shafuka ashirin kafin ɗaya ya yi, sannan kana da hanyar samun takarda mai giram 300, ɗauki akwarel. In ba ka da hanyar takardar, kada ka wahalar da kanka, ɗauki guwash, da babu gara ba daɗi, kuma guwash ya wuce ba daɗi nesa. Haka in gine-gine da duwatsu da tsakar rana suka fi jan ka, ko kai mutum ne da ke son ya gyara ya sake gyarawa. Akirilik ka bar shi sai ranar da aka ba ka bango.

Ita dai yarinyar akwarel ta ɗauka, ƙaramin akwati, da farin guwash ɗaya, ragowar kuɗin duka muka ba wani maƙwabci mai zuwa Kano ya sayo takarda. Da ta iso muka jira ruwa ya zauna. Wata Asabar a Agusta muka kama hanyar Mirya da duku-duku, kilomita 18 ne, muka sauka kafin garin inda wani kwari ya tara ruwa a gindin kuka. Ta jiƙa takardar gaba da baya, ta manna a kan tiren shayi na uwarta, ta dama toka daga siyen da ultramarin. Shafin farko ta koma ta gyara sama sau uku, ya zama taɓo. Na biyu ta manta ba ta bar wa ruwan haske ba. A na ukun ta shafa saman sau ɗaya, ta ɗora buroshin a kan ciyawa, ta harɗe hannuwa tana kallon launin yana gangarowa da kansa zuwa inda kukar za ta tsaya. Ta ce: "Kawu, in taɓa?" Na ce ta jira sai sheƙin ruwan ya ɗauke. Muka zauna muna jira, shamuwa biyu na kiwo a bakin ruwan.